Likita ya ce allurar tana kashe kansar jini da yunwa: to mu daina ba yaron nama da wake?

Goggon Yara ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin likitanci da na magunguna a cikinmu, ku fitar da ni daga duhu.

Ɗan ƙanena ne, shekararsa shida, aka gano yana da kansar jini. Da zazzaɓi abin ya fara, ya tafi ya dawo, muna ta ɗura masa maganin maleriya. Sai yaro ya ɗashe fat, ga kukan ciwon ƙafa da daddare, ga wasu tabbuna baƙi-baƙi a ƙwaurinsa alhali bai faɗi ba. Da aka ɗebi ɓargonsa aka auna, likita ya rubuta ALL a kati, wato gajeren sunan irin kansar jinin da yake da ita. Yanzu yana kwance a asibitin koyarwa, an fara masa kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa. Ni nake kwana da shi saboda uwarsa tana da goyo.

Cikin magungunan akwai wata allura, a jikin kwalbarta an rubuta L-asparaginase. Ita ce ta fi cin kuɗi, kuma sai a cikin kula da ƙanƙara muke ɗauko ta. Na tambayi ƙaramin likitan da ke zagayen safe mene ne aikinta, ya ce ita ba kamar sauran ba ce, abincin ƙwayoyin cutar take cinyewa har yunwa ta kashe su. Ya ce abincin wani amino asid ne. Kafin in ƙara tambaya ya wuce gado na gaba.

Da na ba da labari a gida sai yayanmu babba ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama: amino asid a nama da ƙwai da wake da madara yake, to a janye wa yaro su gaba ɗaya, a bar shi da koko da tuwo da miyar ganye, mu taya allura aiki. Har ya turo min wani saƙo a WhatsApp wai masana a Ingila sun tabbatar da haka. Shi kuwa yaron, tun da aka ɗora shi kan furednisolon, ɗaya daga cikin magungunan da yake sha, ci yake ba ji ba gani, ƙarfe ukun dare zai tashe ni yana neman ƙosai. Jiya na hana shi ƙwai, ya yi kuka har masu jinyar gadon kusa da mu suka sa baki.

To ni dai abin da nake son sani: gaskiya ne allurar da yunwa take kashe cutar? Idan gaskiya ne, me ya sa maganar Yaya ba za ta yi aiki ba? Kuma idan dabarar tana ci, me ya hana a yi wa kowace kansa haka?

Abban Gida ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma Allah ya ba ki ladan jinya. Ban san komai a fannin ba, amma kada ki canza masa abinci kan saƙon WhatsApp kafin ki ji ta bakin likitansa.

Malamin Bayokemistiri ya rubuta:

Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba shi lafiya. Ni ba likita ba ne, malamin jami'a ne, amma wannan darasin duk shekara sai na koyar da shi, don haka bari in yi miki bayanin yadda abin yake.

Ki ba shi ƙwansa. Wannan ita ce amsar a taƙaice.

Likitan nan gaskiya ya faɗa miki, lokaci ne bai samu ba ya ƙarasa. Furotin ɗin jikinmu, tun daga tsoka har sinadaran da ke yawo cikin jini, da amino asid iri 20 ake haɗa shi. Guda 9 daga ciki jiki ba ya iya yin su, sai an ci a abinci. Sauran 11 jiki yana ƙera abinsa da kansa. Wanda allurar nan take farauta, asfarajin, yana cikin sha ɗayan nan. Kusan kowace lafiyayyar ƙwayar halitta a jikin yaron tana da wani enzayim, wato furotin mai aikin haɗa ko farfasa sinadarai, da ke haɗa mata asfarajin idan ta buƙata. Ƙwayoyin kansar jini irin tasa kuwa wannan enzayim ɗin ya yi musu ƙaranci ƙwarai, saboda haka a cikin jini suke tsintar wanda wasu suka yi.

Ki ɗauka unguwa ce da kusan kowane gida yake da rijiyarsa, sai gida ɗaya da ya dogara ga 'yan garuwa. Ranar da aka hana 'yan garuwa shiga unguwar, kowa zai jefa gugarsa ya ja ruwa, gida ɗaya ne zai kwana da ƙishirwa. Allurar ita ma enzayim ce. Idan ta shiga jini, duk asfarajin da ta tarar sai ta raba shi gida biyu, asfatet da amoniya, har ya zama kusan babu shi a jinin. Lafiyayyun ƙwayoyi su koma yin nasu, na kansar su kasa haɗa furotin, su daina rabuwa, su mutu.

Yanzu ga inda lissafin yayanku ya kuskure. Ko da yaro bai ɗanɗana nama ko wake ba har wata guda, jikinsa zai ci gaba da ƙera asfarajin yana zubawa cikin jini. Hana abinci ba zai sauko da shi inda allurar take kai shi ba, ko kusa. Haka kuma ƙwan da ya ci ba zai karya aikin allurar ba, domin asfarajin ɗin da ya fito daga ƙwan yana shiga jini zai ci karo da ita. Kuma ko gero da masarar da ake cewa a bar shi da su, ai su ma akwai asfarajin a cikinsu. Abin da janye furotin zai jawo shi ne jikin yaron ya fara narkar da tsokarsa don ya samu waɗancan guda tara, ya rame, garkuwar jikinsa da kemo ya riga ya raunana ta ƙara faɗuwa. Yaron da ya shiga tamowa bai cika jure kemo ba, kuma ƙwayar cuta ƙarama tana iya kwantar da shi.

Tarihin maganin yana burge ni, shi ya sa ba na gajiya da ba da shi. A 1953 wani likita mai suna John Kidd, a jami'ar Cornell da ke New York, ya yi wa ɓeraye masu kansa allurar ruwan jinin ɓeran Masar, sai ya ga ƙarin da ke jikinsu yana narkewa. Ya gwada na zomo, na doki, na mutum, duk ba su yi ba. Ya rubuta abin da ya gani, amma dalilin ya shige masa duhu. Sai a 1961 John Broome ya nuna cewa asfarajines, enzayim ɗin da ke cikin allurar nan, shi ne yake aikin, kuma ɓeran Masar yana da shi da yawa a jininsa, saɓanin waɗancan. To amma ɓeran Masar nawa za a zuƙe wa jini kafin a yi wa yaro ɗaya magani? A 1964 aka gano cewa baktiriyar E. coli tana yin irinsa mai aiki, kuma ita ana iya kiwonta a cikin manyan tankuna. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1978. Yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa a ƙasashe masu ƙarfi kusan yara 9 cikin 10 masu irin wannan kansa suke warkewa.

Saƙon yayanku kuma ina jin na san asalinsa. A 2018 masu bincike a Kambirij ta Ingila, ƙarƙashin Greg Hannon, sun wallafa cewa rage asfarajin, ta allura ko ta abinci, ya rage bazuwar kansar mama zuwa huhu. A jikin ɓeraye. Ɓerayen da ake haɗa musu abinci na musamman a ɗakin gwaji ana auna kowane sinadari. Ƙarin da ke maman ma bai daina girma ba, bazuwar ce ta ragu. Jaridu suka ɗauka suka yi ta yayatawa, su kansu masu binciken ba su ce majinyata su daina cin wani abinci ba. Kafin labarin ya iso wayar Yaya, an zubar da ɓerayen a hanya.

Goggon Yara ta rubuta:

Malam, Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Wallahi har na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Yanzu na aika a dafo masa ƙwai biyu.

Amma akwai abin da ya tsaya min. Idan ba guba ba ce, me ya sa duk ranar da za a yi masa ita sai nas ta tsaya a kanmu ta ce kada mu motsa, kuma kullum ana ɗibar jininsa?

Mai Harhaɗa Magani ta rubuta:

Goggo sannu, ya mai jiki? Bari in karɓi wannan, tunda aikina ne a ɗakin magani.

Abu na farko, allurar baƙon furotin ce daga jikin baktiriya, saboda haka garkuwar jiki tana iya ɗaukar ta a matsayin abokiyar gaba. Wani yaron sai ki ga ƙuraje sun feso masa, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Shi ya sa ake tsare ku kamar awa ɗaya bayan an yi. Kuma abin ya fi faruwa idan aka dawo da ita bayan an yi hutu, don haka kada ku ce ai ya saba.

Na biyu, hanta ita ce ma'aikatar furotin ɗin jini, ita ma tana jin jiki idan asfarajin ya yi ƙasa. Sinadaran da ke sa jini ya daskare da waɗanda ke hana shi daskarewa duka suna raguwa, sai a samu gudan jini ya toshe jijiya, wani lokaci har a kai. Na uku, fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da insulin, tana iya kumbura. Ga furednisolon ɗin da yake sha, idan suka haɗu suna iya tayar da sukari. Ɗibar jinin da kike gani duk don waɗannan ne.

To ki riƙe waɗannan, idan kin ga ɗaya ki tashi nas ko ƙarfe nawa ne: ciwon ciki mai tsanani da amai, musamman idan yana cewa har bayansa; ciwon kai da ba ya sauka, ko jijjiga, ko barcin da ba a iya tashinsa; hannu ko ƙafa ɗaya ta kumbura; ido ya yi rawaya; yawan ƙishirwa da yawan fitsari.

Maganar kula da ƙanƙara kuma ba iyayi ba ne. Enzayim ne, zafi yana lalata shi, kuma idan ya lalace ba za ki gane da ido ba. Tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye shi, kada kuma ya daskare, don haka ki naɗe kwalin da tsumma kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A garin da ake wuni ba wuta, ki tambayi mai kyamis ɗin da me firjinsa yake aiki. Ba rashin kunya ba ne. A farkon 2023 wata ƙungiyar 'yan jarida masu bincike a Landan ta ba da rahoton cewa samfuran wannan magani marasa inganci sun shiga ƙasashe sama da 90. Ku saya inda likitocinsa suka aminta da shi, ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, ku ɗauki hoton kwalin ku ajiye.

Allurar kala uku ce. Ta asali daga E. coli ba ta daɗewa a jini, shi ya sa ake yin ta bayan kwana biyu ko uku. Akwai wadda aka lulluɓe da wani sinadari don ta daɗe, Oncaspar, wadda ta fito a 1994. Allura ɗaya tana riƙewa mako biyu ko fiye, sai dai tsadarta ba a magana. Ta ukun daga wata baktiriya mai kama tsirrai ake samo ta, Erwinia, ita ake komawa idan jiki ya ƙi na farkon.

Ɗan Zinder ya rubuta:

Allah ya ba da lafiya. Malam, ba ka amsa tambayarta ta uku ba, kuma ni ita ce ta fi damuna. Mahaifina ciwon dajin hanta ne ya ɗauke shi, Allah ya jiƙansa. Na sha ganin bidiyoyi ana cewa kansa sukari da wani amino asid mai suna gulutamin kawai take ci, idan aka toshe biyun nan an gama da ita, kamfanonin magani ne suke ɓoyewa saboda kuɗi. Tunda ga shi kai ma ka ce dabarar tana aiki a kansar jini, to ina matsalar?

Malamin Bayokemistiri ya rubuta:

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗan'uwa, ba ɓoyewa aka yi ba. An gwada, an zuba kuɗi masu yawa, akasari aka dawo hannu rabbana, kuma sakamakon yana nan a wallafe.

Maganar son gulutamin gaskiya ce. Tun 1955 Harry Eagle ya lura cewa ƙwayoyin halittar da yake kiwo a faranti a ɗakin gwaji suna buƙatar gulutamin ninkin-ba-ninkin sauran amino asid. Suna ƙona shi su samu ƙarfi, suna ɗibar naitirojin ɗinsa su gina DNA. Amma gulutamin shi ne amino asid mafi yawa a jinin ɗan'adam, tsokarka ce take yin sa dare da rana, hanjinka da ƙwayoyin garkuwarka kuma da shi suke rayuwa. Tun a shekarun 1950 aka samo wani sinadari da ake kira DON mai toshe duk hanyoyin amfani da gulutamin. Yana kashe kansa, yana kuma ɗaye bakin majinyaci da hanjinsa, dole aka ajiye shi. Daga baya aka yi wani mai saiti, telagilenastat, wanda ƙofa ɗaya kawai yake rufewa. Aka gwada shi kan masu kansar ƙoda 444, aka fitar da sakamako a 2021: waɗanda aka ƙara musu shi a kan wani maganin kansa sun yi wata 9.2 kafin cutar ta ci gaba, waɗanda ba a ƙara musu ba sun yi wata 9.3. Ka rufe ƙofa ɗaya, ƙwayar ta zagaya ta wata. A faranti ba ta da zaɓi sai abin da aka zuba mata, a cikin jiki kuwa tana iya haɗiye furotin sukutum daga kewayenta ta narkar, ko maƙwabtan ƙwayoyi su ciyar da ita.

Arjinin, wani amino asid ɗin, shi ya fi kama da labarin asfarajin, domin akwai kansoshin da suka rasa enzayim ɗin haɗa shi, kuma kansar hanta na cikinsu. Aka yi allura mai share shi daga jini, ADI-PEG20. An gwada ta ita kaɗai kan ɗaruruwan masu kansar hanta da ta yi nisa, sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna ƙarin kwana ba. Na so a ce ta ci, domin wannan ciwo ne da yake cin mutanenmu saboda ciwon hanta nau'in B. Inda ta ɗan yi abin kirki shi ne kansar rigar huhu da ƙurar asbestos ke jawowa. A gwajin da Peter Szlosarek na Landan ya jagoranta kan mutum 249, wanda aka wallafa a 2024, tsaka-tsakin rayuwa ya tashi daga wata 7.7 zuwa 9.3 idan aka haɗa ta da kemo. Ƙari ne, amma ka ga girmansa da idonka. Ɗaya daga cikin matsalolin shi ne idan yunwa ta matsa wa ƙwayar, sai ta sake kunna enzayim ɗin da ta kashe.

Akwai kuma amino asid ɗin tiriftofan, wanda wasu kansoshi ke cinyewa don su kashe wa ƙwayoyin garkuwa jiki. Maganin da aka yi don hana hakan, efakadostat, an sa masa rai sosai, ya faɗi a babban gwajin kansar fata a 2018. Rage metiyonin, ko serin da gilaisin, a abinci ya nuna tasiri a jikin ɓeraye, a Duke ta Amurka da Gilasgo ta Sikotilan, kuma ana kan gwada shi a jikin mutane da haɗaɗɗen abinci na asibiti ƙarƙashin kulawar likita.

A ganina asfarajines ya yi sa'ar abubuwa uku da ba kasafai suke haɗuwa ba: ƙwayar tana da gurguwar ƙafa a daidai wurin, lafiyayyun ƙwayoyi ba su da ita, kuma cutar a cikin jini da ɓargo take zaune inda enzayim ɗin yake isa gare ta. Duk da haka ba shi kaɗai yake aikin ba. Da binkiristin da furednisolon da metotireksat da sauransu ake haɗa shi, ana yi har shekara biyu ko fiye. Hajiya, wannan na ƙarshen ki faɗa wa ƙaninki tun yanzu: bayan wata guda yaro zai miƙe kamar bai taɓa ciwo ba, a nan ne iyalai da yawa suke dainawa, cutar kuma ta dawo da ƙarfinta.

Goggon Yara ta rubuta:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na tura wa Yaya bayanin Malam, ya kira ni ya ce shi ma taimako yake nufi, na ce na sani. Yau da safe na tare babbar likitar, ta ce a ba shi duk abin da ya nema in dai dafaffe ne da zafinsa, a rage masa zaƙi da gishiri.

Ƙanwata mai magani, kakarsa ta aiko da fura da nono daga ƙauye, ta ce shi ne zai mayar masa da jini. In ba shi?

Mai Harhaɗa Magani ta rubuta:

Goggo, wannan ku sha abinku, ku sa wa Kaka albarka. Nonon da ba a tafasa ba yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, shi kuma a yanzu fararen ƙwayoyin jininsa sun yi ƙasa. Idan yana marmarin fura, ki dama masa sabuwa da madarar gari da tafasasshen ruwa. Haka tsire da awarar bakin titi da ɗanyen kwaɗo, a dakata da su tukuna. Ƙwai ya dahu har gwaiduwar ta yi tauri, alala da ƙosai a yi a gida, kunun gyada da kifi duk ki ba shi.

Ki sayi ma'aunin zafin jiki ki ajiye a jakarki. Ko bayan an sallame ku, idan ya nuna 38 kada ki ba shi farasitamol ki jira gari ya waye, ku kama hanyar asibiti da katinsa a hannu.